Shekarar da Tarakta Ta Shiga Gandu

Na san abin da ake gaya muku a gari. Ana cewa arziki ya biyo ubanku har ƙofar shago, ya yi sallama, ya cire takalmi, shi kuwa ya ɗauki tsintsiya ya kore shi. Wasu ma suna ƙarawa da cewa na bi shi a guje har tasha don in tabbatar ya hau mota. To, ni dai rabona da gudu tun ina firamare, cikin nan nawa shaida ne. Amma tunda likita ya ɗaura mini abin awon jini a hannu, ya dubi abin, ya dube ni, ya yi shiru irin na magini da ya ga katanga ta karkata, na ce bari in rubuta muku abin da ya shiga tsakanina da Baffanku Nafi'u, kada ku gaji rigimar da ba ku san farkonta ba.

Nafi'u ɗan Gwaggo Hansai ne ta Maruta, ƙanwar mahaifina. Kun ga ke nan taubashina ne, ni ɗan namiji, shi ɗan mace. Tun muna yara ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba. Tulu yake ce mini, ni kuma in ce masa Tsinke, don in ya juya gefe sai an yi cigiyarsa. Ko a gidan makoki muka haɗu, sai ya matso ya raɗa mini cewa in ɗan ɗaga, tabarmar mutane tana neman ceto. Wanda ba shi da taubashi ba zai gane ba. Mutum ɗaya ne a duniya da zai gaya maka magana tsirara a bainar jama'a, kuma al'ada ta hana ka fushi, kai ma ka rama, a tashi kowa zuciyarsa wasai. Wannan ne abin da ya shiga haɗari a shekarar da zan ba ku labari. Ku riƙe shi, don mutanen gari zancen kuɗi kawai suka riƙe.

Nafi'u ya yi karatun kwamfuta a Kano ya dawo ba aiki. Ni kuma ina da shagon cajin waya da sayar da kati kusa da tasha a nan Birnin Kudu. Kullum samari suna cike da bencina suna buga wasannin ƙasashen waje a waya, irin wanda mutane da yawa ke shiga lokaci guda ta intanet, kowa ya zaɓi abin da zai zama, a yi ta saran dodanni. Ran nan na dubi Nafi'u yana shan inuwata kyauta.

"Kai Tsinke, duk karatun nan naka ba za ka iya yi mana namu ba? Wanda babu dodo a ciki sai fari da ciyawa?"

"Zan iya," in ji shi, "in ka yarda mu sa ka a matsayin rumbu."

Haka aka haifi wasan da muka sa wa suna Gandu. Duk wanda ya shiga, ana ba shi gona da fartanya, ya zaɓi ko manomi ne shi zalla, ko maƙeri, ko makiyayi, ko mai fura, ko makaɗi. Amma ƙashin bayan wasan ƙa'ida guda ce, wadda muka ɗauko daga gonakin Maruta inda muka yi ƙuruciya: gonar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. In damina ta sauka a cikin wasan, ciyawa ta fi ka sauri, dole ka kira gayya. Mutane su bar nasu aikin su zo su yi layi a gonarka, kowa yana danna wayarsa daidai da bugun gangar noma. In hannu ya zo ɗaya, sai ka ga kunyar gona tana tafiya kamar ana jan zare. Wanda ya zo maka, kai ma ka je masa. Wanda aka san shi da noƙewa, ranar tasa sai ya yi kira ya ji iska. Wannan hukuncin ba mu muka rubuta shi ba, mutane ne suka kafa abinsu.

Nafi'u ne ya gina komai, ni kuwa murya ce tawa. Ni ne mai shelar gayya, ni ne mai kirarin manoma, ni ne akuya, ni ne jaki, ni ne tsohuwar da ke masifa in an tattake mata wake. A ɗakin mahaifiyarku muke naɗa, mu jingina katifu a bango don kada ƙarar babura ta shiga, ita kuma tana tsakar gida tana korar zakara. Har yau ina jin muryar Ladidi ta taga:

"Malam, in an gama kukan jakin a miƙo mini katifata, in kuma aikin ya karɓe ka a gaya mini in nemo maka dusa."

Wasan ya bazu fiye da yadda muka zata. Direbobinmu da ke Legas suna ciki, ɗalibai suna ciki, ma'aikatan asibiti suna ciki, matan aure suna ciki da sunayen maza. An gaya mini wani ango ya bar abokansa tsaye a ƙofar surukai don an kira gayya, kuma ni ban ƙaryata ba. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka san halin juna: wane mai zuwa da wuri ne, wane sai an kusa raba fura. Abin da muke sayarwa a ciki kayan ado ne kawai, hula da malafa da fentin rumbu. Wanda ya saya ya yi kyau, amma gonarsa ba ta fi ta kowa ba.

A nan matsalar ta fito. Wasan yana zaune ne a kan wani inji a wata ƙasa, haya muke biya, kuma duk lokacin da mutane suka ƙaru sai hayar ta ƙaru. Malafa ba ta riƙe inji. Sai wasan ya fara tsayawa ana tsakiyar gayya, ganga ta ƙame, layi ya watse, wayata ta cika da zagi. Ni ina mayar da zagin wasa, Nafi'u kuwa shi ke zaune gaban kwamfuta yana ɗinke ɓaraka. Mutumin da dama ba nama, sai ya koma kamar an rataye riga a ƙusa. Ya sayar da babur ɗinsa bai gaya mini ba, sai gani na yi yana sauka daga acaɓa.

Ana haka wani ɗan kasuwa ya zo daga Kano, Alhaji Mudi, mai zuba jari a harkar manhajojin waya. Mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zauna a bencina da farar shaddarsa, ya sha ruwan leda kamar kowa.

"Malam Hamisu, na shiga wasan nan da kaina," in ji shi. "Na yi noma har babban yatsana ya kumbura. Na nemi inda zan biya in huta, ban samu ba. Wane irin shago ne mutum zai shigo da kuɗi a hannu ya rasa abin saya?"

"Akwai malafa, Alhaji."

"Malafa." Ya yi murmushi. "Ku sa tarakta. Wanda ya biya, ya nome gonarsa shi kaɗai kafin mai fartanya ya gama tara mutane. Ni kuma in ɗauke muku inji, in ɗauko masu zane, wasan ya daina tsayawa."

"To in kowa ya nome tasa shi kaɗai, wa zai je wa wani?"

"Waɗanda ba su saya ba. In sun gaji da jira, su ma su saya. Ai gajiyar nan ita ce kasuwar."

Na yi dariya, na dubi Nafi'u don mu yi tare. Bai yi ba. Idonsa yana ƙasa, yana murza yatsunsa. Bayan Alhaji ya tafi ya ce gwaji kawai za a yi, damina ɗaya ta cikin wasa, in abin bai yi ba a cire. Na ce to. Na ga ramarsa, na ga acaɓan da ya kawo shi, na ce to.

Tarakta ta shiga Gandu ranar wata Laraba. Ja ce, kyakkyawa, har hayaƙi take yi. Da farko mutane suka riƙa taruwa kallo. Daga nan sai manyan 'yan wasa suka saya, waɗanda da su ake jan layi. Ba su bar wasan ba, kuma ba su yi wa kowa rashin kunya ba, kawai dai sun daina buƙatar kowa, wanda kuwa ba ya buƙatarka ba ya jin kiranka da sauri. Wasan ya daina tsayawa, gaskiya ne. Ganga tana bugawa sumul. Sai dai layin ne ya yi ta gajarta.

Akwai wani dattijo, Malam Tanko na Zandam, da ke zuwa babban asibiti wankin ciwo, don mota ta taɓa murƙushe masa ƙafa, ciwon ya ƙi rufewa. A zamaninsa shi ke jan gayya ta gaske a garinsu, yanzu kuwa ko ƙofar gona ba ya kaiwa. 'Yarsa ce ta saya masa waya ta sa masa Gandu, ya zama duk wanda ya yi kira, Tanko ne farkon isowa. In ya fito daga asibiti yakan biyo shagona ya yi caji kafin ya hau motar Gwaram. Ran nan da rana tsaka ya zo, ya jingina sandarsa, bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Zauna nan, Hamisu, ka gani."

Ya danna kiran gayya. Sai muryata ta fito daga wayarsa, da ƙarfinta da annashuwarta, tana shela cewa jama'ar Gandu, Tanko na Zandam yana kira, a fito da fartanya. Muka zuba ido. Gonarsa ciyawa ta kai wa gero wuya. A gonakin maƙwabta taraktoci suna kai da komo. Muryata ta sake kira. Wani ya zo, ya tsaya a bakin gona, ya ga shi kaɗai ne, ya juya. Muryata ta sake kira, har da kirari. Ban taɓa jin kunyar muryata ba sai ran nan. Na nemi abin barkwanci in faɗa, ni da ko a gaban alƙali ba na rasawa, na rasa.

"Ni ba ƙara na kawo ba," in ji Malam Tanko. "Na je wa mutanen nan, sun san na je musu. Wannan tsakanina da su ne. Tambayata gare ka ce. In ka san babu mai zuwa, me ya sa kake ta kira?"

Da na koma gida na ba Ladidi labari, ina zaton za ta taya ni jimami. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, mutanen cikin waya kake tausayi. Mutanen cikin gidanka fa? Ɗakin yara yana yoyo tun bara. Kuma ka dubi Nafi'u da kyau kuwa? Kai kana da shago, shi me yake da shi?"

Ba ta faɗi ƙarya ba, kuma ina so ku san haka. Duk wanda ya yi magana a shekarar nan yana da gaskiyarsa, abin da ya sa ta yi zafi ke nan.

Damina ta cikin wasa ta ƙare, ba a cire tarakta ba. A maimakon haka Nafi'u ya turo mini saƙo da kalmomin da Alhaji yake so in naɗa, waɗanda za su riƙa fitowa duk lokacin da mutum ya kira gayya aka daɗe ba a zo ba. Cewa zan yi, da muryar mai shela: mai tarakta ba ya roƙon kowa, saya yanzu ka huta da jira. Na shiga ɗaki, na jingina katifu, na buɗe baki. Na sha yin kukan jaki ba kunya, na yi na akuya mai naƙuda, amma wannan ya ƙi faɗuwa. Ina ganin Malam Tanko zaune yana jira, ni kuma in fito daga wayarsa in ce masa ya daina roƙo. Na mayar da katifu, na hau acaɓa zuwa tasha, na nufi Maruta, don ranar Juma'a ce, Nafi'u yana wurin mahaifiyarsa.

Na same shi a tsakar gida bayan an sauko daga masallaci. Gwaggo Hansai tana zaune tana tsince wake, matan gidan suna ta hidima. Ina shiga suka fara murmushi, don in mu biyu muka haɗu a gidan nan, kallo ne kyauta.

"Tsinke, ba zan karanta ba."

"Dama na san rubutun ya yi maka yawa. In sa a zana maka hoto?"

Mata suka kwashe da dariya.

"Ka ƙara wa ciyawa sauri?" na tambaye shi. Na daɗe ina zargin haka, don gonaki sun fara cika kafin lokacinsu.

"Kaɗan."

"Don mai fartanya irin Malam Tanko ya gaji da wuri."

"Don wasan ya rayu, Tulu. Kai kana shago kana ba mutane dariya, ni nake kwana da inji in tashi da shi. In babu tarakta, babu Gandu. Tankon naka zai danna waya ya ga baƙin allo. Wanne ya fi masa?"

"A mayar da ita ta gari. A yi karo-karo a saya, ta yi wa kowa aiki bi da bi."

"Na kai wa Alhaji wannan. Ya ce shi ba gidan marayu ya buɗe ba."

Aka sake yin dariya, har da tafi. Gwaggo ta ce mu ci gaba, ita dai kada a fasa mata tukunya. Ba wanda ya lura cewa mu biyu ba ma dariya. Abin da taubasantaka ta jawo mana ke nan: muna tsaye muna yanka juna a gaban mutane, kowa yana zaton wasa ne, babu mai raba mu.

Nafi'u ya matso, ya rage murya.

"Ka karanta kawai. In ba ka karanta ba, akwai manhajar da ke koyon muryar mutum daga abin da aka riga aka naɗa. Za ta faɗa da bakinka, ko kana so ko ba ka so."

"Alhaji ne zai yi, ko kai?"

Ya kau da kai.

"Nafi'u. Kai ne za ka yi?"

"Na riga na gwada," in ji shi. "Ta yi kama sosai."

Gwaggo ce ta fara ganewa, don ta ji na kira sunansa. Ta ajiye faifan wake a hankali. Dariyar ta mutu daga bakin wannan zuwa na waccan. Na juya gare ta na gaya mata abin da ake ciki da kalmomin da za ta fahimta: cewa ɗanta ya samu hanyar da zai sa muryata ta faɗi abin da na ƙi faɗa. Sannan na ce ina so a cire muryata daga wasan gaba ɗaya, shela da kirari da jaki da akuya, kada a bar ko tari. Na san abin da nake nema. Alhaji ya sha faɗa cewa rabin abin da ya saya muryar nan ce, kuma Nafi'u ne zai je ya tsaya gabansa ya yi bayani.

Gwaggo ba ta kiran sunan Nafi'u, don ɗan fari ne. Ta dube shi ta daɗe.

"Kai wannan. Muryarsa Allah ne ya ba shi, ba kai ba. Mayar masa da abinsa."

Nafi'u ya tsaya kamar an dasa shi. Ina jira ya zage ni, zagi mai kyau wanda zai sa a yi dariya mu samu hanyar fita. Sai ya gyara hularsa, ya ɗan rusuna.

"To, Malam Hamisu. Za a cire. Allah ya huci zuciyarka."

Ya cika alkawari, bai bar ko tari ba. Na bar masa rabona na wasan ban nemi komai ba, wannan ne korar arzikin da ake ba ku labari. Alhaji ya yi faɗa, ya kusa janyewa, Nafi'u ya sha wuya kafin ya shawo kansa, aka ɗauko wani mai murya daga Kano. Kuma kada wani ya gaya muku wasan ya mutu don na fita. Bai mutu ba. Yana nan, ya fi da kyau, ba ya tsayawa, yanzu har jirgin feshi ake sayarwa. Baffanku ya ɗauki matasa aiki, ya yi wa Gwaggo rufin kwano, ya kai ta Makka. Maɓallin gayya yana nan a wani lungu, na ji an ce wasu suna danna shi don su ga me zai faru. Malam Tanko ya koma sauraren rediyo. Mu kuwa a gidan nan mun ƙara damina biyu da yoyo, kuna iya tunawa, mahaifiyarku tana jera kwanoni a ɗakinku, in ruwa ya fara ɗiga ta leƙo ta ce, Malam, fito ga gangar nomanka ta fara.

Nafi'u bai yanke zumunci ba. Da ya yanke, da na san maganin abin, sai in tara dangi a yi sulhu. Amma wa zai yi sulhu tsakaninka da mai girmama ka? Duk Salla yana zuwa da shadda da turare, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi jiki. Na tsokane shi ta kowace hanya da na sani, sai ya yi murmushi ya ce Malam ke nan.

A sunan ɗan yayarku da aka yi bana, kuna wurin, kun ga lokacin da kujerar roba ta watse a ƙarƙashina, ƙafafunta huɗu kowace ta kama gabanta, na tafi ƙasa da kofin kunu a hannu. Unguwa gaba ɗaya ta yi dariya, har liman sai da ya rufe baki da rawani. Abin da ba ku gani ba shi ne, ina kwance a ƙasa Nafi'u nake kallo. Na ga maganar ta zo masa. Na gan ta a idonsa, na ga leɓensa ya motsa, kuma na san mai kyau ce, irin wadda za a shekara ana maimaitawa. Na ƙi tashi, ina ba shi lokaci. Sai ya haɗiye ta, ya miƙo mini hannu biyu.

"Sannu, Malam Hamisu. Ba ka ji ciwo ba?"

Saboda haka ku riƙa gaishe shi, ku je gidansa, ku ci abincinsa. Bai zalunce ku ba, ni ma ban ce ya zalunce ni ba, kuma da za a mayar da ni tsakar gidan Gwaggo yau, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Abu ɗaya nake roƙonku. In wata rana ɗayanku ya ji ya zage ni, ko a bayan idona ne, ya zo ya gaya mini kalma da kalma. Ko barci nake yi, a tashe ni.